Furen Lallen da Na Yanke

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Zahir ta Makka ya san ɗakin Inna Rakiya, domin ko ba a yi maka kwatance ba hanci zai kai ka. Ka bi lungun da ke bayan masu gasa burodin tamis, ka wuce shagon mai gyaran firji, sai ƙamshin furen ful ya tare ka tun daga ƙasan bene. Hawa uku ne, fitilar matattakalar kuma ta mutu tun kafin in zo Makka. A can sama take, ɗaki ɗaya da ɗan fili a kan rufi. Kullum za ka same ta a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, faranti a cinya, allura a hannu.

'Yar Damagaram ce. Ta zo aikin hajji da mijinta Badamasi tana da shekara ashirin da 'yan kai, suka ƙi komawa, suka zama takari. Shi yana tura keken gajiyayyu a wajen Safa da Marwa, ita tana wanki da shara a gidajen Larabawa. Allah bai ba su haihuwa ba. A shekara ta goma sha ɗaya aka kama Badamasi aka mayar da shi gida. Ya yi ta aiko da saƙon yana nan tafe, har ranar da saƙon da ya zo ya zama na rasuwarsa. A ɗakin nan ta yi takaba, ta ci gaba da zamanta. In aka tambaye ta abin da ya hana ta komawa, sai ta ce duk waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun riga ta tafiya, gara ta jira nata lokacin kusa da Ɗakin Allah.

Sana'ar fure a gidan aiki ta tsince ta. Uwar ɗakinta ta ƙarshe wata tsohuwa ce 'yar Jizan, ana ce mata Ummu Hatim, wadda take saƙa wa amare sarƙar fure. Da idon tsohuwar ya raunana sai ta riƙa miƙa wa Inna allura ta sa mata zare, daga nan ta koma miƙa mata farantin gaba ɗaya. Da Ummu Hatim ta rasu, 'ya'yanta ba wanda ya damu da sana'ar, sai ta faɗo hannun mai aiki. Shekara talatin Inna ta yi tana yi wa 'ya'yan Hausawan Zahir da Jarwal da Kudai sarƙar aure.

Ful wani ɗan farin fure ne da ake kawowa daga kudu da sassafe, cikin akwatin ƙanƙara, tun bai buɗe ba. A rufe take soke shi, ɗaya bayan ɗaya, ta jera layi bakwai ko tara, sai ya hau wuyan amarya ɗumin jiki ya buɗe shi. Ta ce ma'anarsa ke nan: yarinya ta tafi da abinta a rufe, ta buɗe a ɗakinta. Wardin garin Ɗa'if, in lokacinsa ne, ƙauna ce, amma uku kawai take sawa, wai ƙaunar da ta yi yawa a ranar farko ba ta kaiwa watan gaba. Furen da ake ce wa kadi haƙuri ne, don ko ya bushe a akwatin kaya ƙamshinsa ba ya barin tufafi. Raihan kuwa, wanda mu a gida muke ce wa ɗoɗɗoya, shi ne albarkar tukunya. Ban sani ba ko a wani wuri haka ake fassara su. Ni dai daga bakinta na ji, ita ma ta ce rabi na Ummu Hatim ne, rabi nata.

Abin da yake nata zalla shi ne furen lalle. A kan rufin nan tana da bishiyar lalle guda a cikin rabin duro, ta shuka ta daga irin da wata alhajiya ta zo mata da shi daga gida. Idan ta gama sarƙa sai ta hau, ta tsinko ɗan reshe mai fure, ta ɗaure shi da koren zare a daidai bayan wuya, inda mayafi zai rufe. Ba don a gani take sawa ba. Ta ce yawancin 'yan matan nan iyayensu mata suna nesa, wata an mayar da ita gida, wata tana ƙarƙashin ƙasa, to wannan reshen shi ne hannun uwa a ƙeyar amarya, shaidar cewa akwai wadda ta tsaya mata. Matan unguwa suka riƙe abin har ya zama al'ada: duk dattijuwar da ta zo gaida amarya sai ta zura hannu bayan wuyanta, ta shafa, ta sansana yatsunta, ta sa albarka. A shekara talatin sau ɗaya tak Inna ta taɓa hana furen nan, ga wata yarinya da ta ɗaga wa mahaifiyarta hannu a gaban jama'a. Har yau in an ambaci yarinyar sai an ambaci wannan.

Ni sunana Uzair, daga Kano na zo karatu. Wani abokina ne ya fara kai ni wurinta a shekarata ta farko, lokacin da shinkafar makaranta ta ishe ni har ina mafarkin miyar kuka. Tun daga ranar duk Juma'a bayan an sauko ina can da kwanon tuwo a gabana. Ba ta taɓa tambayata ko zan zo ba, kawai ta kan ajiye. "Malam ƙarami" take kirana, tana yi tana dariya, ni kuwa ina jin daɗin rabin sunan ina ƙyale rabin. A lokacin gemuna bai fi a ƙirga ba, amma na riga na fara ganin duk wanda bai zauna a ajinmu ba a matsayin wanda yake bukatar gyara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma nawa ya kama ni sosai.

A ɗakin nan na fara ganin Minnatullah, wadda ake kira Minna. Mahaifinta tela ne a Jarwal, mahaifiyarta ta rasu tana shekara tara, tun daga nan kusan a gaban Inna ta girma. Ita ke sa mata zare a allura, ita ke hawa ba lalle ruwa. Hausarta rabi Larabci ce, in ta yi fushi kuwa duka Larabci take komawa. Inna ce ta lura ina daɗewa wajen wanke hannu duk ranar da yarinyar take nan, ita ce kuma ta aika wa telan cewa akwai wani malami ƙarami da ya kamata a duba lamarinsa. Ba don bakinta ba da ba a ba ni ba, don ɗalibi ba shi da komai sai littattafai da alkawari.

Ranar biki Inna ba ta je ba. Zauren da aka kama yana bayan shingen bincike, ita kuwa ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ta shekara da yawa ba ta yarda ta bi ta inda za a ce ta nuna takarda. Don haka ta ce in zo da kaina bayan la'asar in ɗauki sarƙar in kai Jarwal inda ake shirya amarya, ba ta yarda wani hannu ya taɓa ba. Na same ta ta yi layi tara, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa da irin wannan kyau ba. Ta ɗaga ta nuna mini reshen lallen kafin ta kwantar da ita a cikin kula.

"Ka ga wannan, ya waladi? Ni ce. Tun da ƙahwata ba ta zuwa, ga ni nan na tahi tare da ɗiyata. Muddin yana wuyanta ba ita kaɗai ta shiga ba."

Na ce to. A matattakala kuwa maganar ta fara yi mini yawo a ka. A makon nan muka gama babin layu da camfi, ina ɗauke da shi a baki kamar sabon haƙori. Na ce a raina, wannan ai laya ce aka yi wa ado, reshen itace ne zai raka mutum? Kuma a wuyan matata, ranar da malamaina za su zo ɗaurin aure? Da a ce na koma sama na tambaye ta, da ta yi mini dariya ta ce ita ba ta ce yana tsare kowa ba, alama ce kawai irin ta zobe. Amma ban koma ba, don a ganina mai digiri ba ya neman bayani wurin mai allura. A cikin tasi na buɗe kular, na ciro abin yankan farce da ke jikin makullina, na datse koren zaren. Da muka tsaya a danja na sauke gilashi na jefar da reshen. Har wani sanyi na ji a zuciya, wai na kawar da munkari. Na miƙa sarƙar a ƙofa, na mayar wa Inna kularta kafin magariba, ta yi ta sa mini albarka.

Washegari da hantsi na ga abin da na yi. Minna tana zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura, sarƙar tana gefe ta fara yin ja. Ta ce dattijuwa ta farko da ta zura hannu ta lalubo, ta sake lalubawa, sai ta janye hannunta ta yi addu'a a gajarce. Ta biyu ma haka. Kafin a kawo abinci magana ta zaga zauren, mata suna kallonta suna kallon juna. Ta ce ita ba surutun ne ya dame ta ba. Abin da take so ta sani shi ne me ta yi wa Inna, ita da ta ba wa bishiyar nan ruwa shekara goma sha ɗaya.

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma huɗu ce ko biyar. Amma na dubi fuskarta, na tuna jiya-jiya aka kawo mini ita, sai tsoro ya kama ni. Na ce ta yi haƙuri, wataƙila faɗuwa ya yi a hanya. Ta ce ɗaurin Inna ba ya faɗuwa. Na yi shiru, shirun nan kuma ya kai shekara bakwai.

Mata suka rabu biyu. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, tsohuwa ta san wani abu game da yarinyar. Wasu suka ce a'a, mugunta ce irin ta wadda ba ta haifa ba, ta rasa wadda za ta tozarta sai marainiya. Dangin telan suka daina kai mata aiki, Jarwal kusan gaba ɗaya ta bi su, ga shi dama shagunan fure masu gilashi sun fara janye 'yan mata. Da aka tura wata ta je ta ji ta bakinta, abin da Inna ta ce kawai shi ne tsufa ne, ta manta, a roƙa mata gafarar yarinya. Wannan amsa ta fi komai yi wa Minna ciwo. Ta ce shekara talatin Inna ba ta manta da 'yar kowa ba sai ita. Ba ta sake taka matattakalar nan ba.

Ni na ci gaba da zuwa, amma Juma'a ɗaya a wata, daga baya ɗaya a wata uku. Tuwon ya daina wuce mini. Kullum sai ta tambayi lafiyar ɗiyarta, ta tambaya ko tana cin abinci, ko har yanzu tana ciwon kan nan in ta sha rana. Ba ta taɓa ɗaga zancen biki ba, ni ma na ɗauka ta yarda da gaske mantawa ta yi, har nakan ji sauƙi da hakan, Allah Ya yafe mini. Da muka samu 'ya mace, Minna da ta sha faɗa tun kafin aure cewa 'yarta ta fari Rakiya ce, sai ta ce a sa Aishat. Ni na yi wa jaririyar huɗuba a kunne da wannan sunan, na san dalilin da ya sa ba ɗayan ba ne. Inna ta aiko da ƙullin garin lalle na suna, daga bishiyar nan ta daka. Minna ta ce in mayar. Ban iya mayarwa ba, na ba matar maƙwabcinmu a Kudai.

A cikin shekarun nan na gama digiri na biyu, na shiga na uku. Na karanta abin da ya ishe ni in gane cewa tsakanin laya da alama akwai tafiya mai nisa, kuma ko da abin da na zata ne, ba a gyara shi da sata. Har wa'azi na yi wa ɗalibai sababbin zuwa a kan haƙƙin mutane, na ce Allah ba Ya yafe shi sai mai shi ya yafe, suna ta gyaɗa kai. Ranar na dawo gida na kasa haɗa ido da matata.

Bara, wata Juma'a da zafi, na je na tarar Inna ba ta iya hawa rufi, gwiwoyi sun ƙi. Farantin yana jingine a bango, babu alamar an taɓa shi kwanan nan. Ta ce in ɗauki jarka in ba lallenta ruwa. Bishiyar ta yi fure fal, ƙamshin ya bugi fuskata, na tsaya a nan na fi minti goma. Da na sauko na durƙusa a bakin tabarma na ce, "Inna, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita."

Ta ce in miƙo mata gwangwanin alluranta. Ta buɗe, ta tono, ta fito da ɗan guntun koren zare ta ɗora a tafin hannunta.

"A gindin kula na same shi, tun ranar. Zarena ba ya tsinkewa, Malam ƙarami. Yanka shi aka yi, kuma hannu ɗaya na ba."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, ta bari aka ci mutuncinta, aka raba ta da sana'arta da 'yarta.

"In na hwaɗi, mi za ta yi da kai? Amaryar kwana ɗaya ta ji mijinta ne ya kunyata ta gaban mata? Ni tsohuwa ce, in ta rasa ni ba ta rasa komi ba. Halas, ya wuce. Na yahe maka tuntuni. Ita dai nake marmarin gani."

Na yi kuka a gabanta kamar yaro, na rantse a ranar zan gaya wa Minna. Kuma ban gaya mata ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a duk labarin nan, ya fi yankan zaren. Na ce sai ta huce daga gajiyar aiki, na ce sai Aishat ta warke daga mura, na ce sai Juma'a. Kwana tara ina zaɓen lokaci. A rana ta tara maƙwabciyar Inna ta kira ni da safe ta ce an same ta a ƙasa, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya tafi.

Minna tana yanka albasa na shiga kicin na faɗa mata, duka, tun daga tasi har gwangwanin allura. Ban nemi wurin zama ba. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta daɗe tana goge shi da tsumma. Na jira Larabcin fushin nan, bai zo ba. Da Hausa ta tambaye ni, a hankali, "A ina ka yar da shi?" Na ce a danjar da ke kafin a shiga Jarwal. Ta ce to, ta ɗauki abayarta.

Ta riga ni hawa benen, ban taɓa ganin ta yi sauri haka ba. Inna tana kwance a kan katifa, mata biyu suna mata fifita, ido ɗaya a buɗe, ɗayan ya faɗa. Ba mu san ko tana gane mutane ba. Minna ta cire mayafinta, ta kwanta a gefen katifar, ta kama hannun da yake da sauran motsi ta ɗora shi a bayan wuyanta, ta riƙe shi a nan. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga yatsun sun motsa, suna laluben wurin, yadda dattijai suke yi wa amare. Minna ta ce, "Yana nan, Inna. Na ji shi." Matan nan biyu suka juya fuska bango.

Kwana huɗu Inna ta ƙara a duniya, Minna ba ta bar ɗakin ba. Aka yi wa Inna sallar jana'iza a Harami bayan azahar, abin da ta zauna shekara hamsin tana jira. Matan Jarwal sun zo gaisuwa da yawa, don na bi gida-gida na faɗa wa mazajensu abin da ya faru, amma gaisuwa ba ta mayar wa mutum shekara bakwai.

Rabin duron yana barandarmu a Kudai yanzu, mutum huɗu muka sauko da shi. Minna ta ce ta yafe mini, na kuma yarda, don ba ta iya faɗin abin da ba ya ranta. Tana yi wa 'yan mata sarƙa jefi-jefi, da gwangwanin Inna, da koren zare. Ita take ba lallen ruwa kowace safiya, in ba ta nan Aishat ta ba shi. Ba ta taɓa cewa kada in taɓa ba. Wata rana ne dai na ɗauki jarkar, sai ta zo ta karɓa daga hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta ce in bari, ta san yawan da yake sha.